Shagon da ya buga wa su autanmu rigunan kyandi, hannunsu na da kyau amma ba sa karanta abin da suke bugawa

Tun ranar da na ɗora hotunan kyandin autanmu a sitatus mutane suke ta damuna da tambaya, ina aka buga musu rigunan nan, nawa aka yi, suna yin na mata, to maimakon in yi ta amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya bari kawai in zauna in rubuta yadda muka kwashe da masu shagon daga farko har ƙarshe, mai so ya ɗauka. Sunan shagon dai ba zan faɗa ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganar kuma ba na so a ce ni na ɓata wa bawan Allah kasuwa. Abin da zan iya cewa shi ne yana wajen Zoo Road a nan Kano, cikin jerin shagunan nan masu buga bana da katin biki da kofunan rabo, kuma kusan duk abin da zan faɗa a kansa haka za ku tarar a maƙwabtansa, don haka ko ba can za ku je ba zai yi muku amfani.

Yadda abin ya faɗo kaina kuwa, autan namu shi ne monitan ajinsu, su 46 ne a SS3, suka yi karo-karon naira 7,500 kowa, kuɗi ya tashi 345,000 cif, sai Umma ta ce wallahi ba a gidanta za a bar wannan kuɗin a hannun yaron da ko canjin cefane ba ya dawowa da shi daidai ba, maza a kai wa yayarsa. Shi ke nan na zama ma'aji na zama 'yar aike na zama mai raba faɗa, aka jefa ni cikin guruf ɗinsu na WhatsApp wanda har yau ban gama warkewa daga abin da idona ya gani a ciki ba, yara 46 kowa da ra'ayinsa, kafin in idar da sallar isha'i saƙo ya haura ɗari uku kuma rabi sitika ce.

Ni a 2012 na yi kyandi, makarantar kwana ta mata, kuma lokacinmu babu wannan bidirin na buga riga. Abin da muke da shi littafin otogiraf ne, ka sayi littafi mai kauri ka yi masa ado da jan biro da kore ka bi ƙawaye kowa ta cika miki shafi, abincin da ta fi so, burinta a rayuwa wanda kusan kowa likita take rubutawa, da lambar wayar babanta. Sai daren ƙarshe mu tara 'yan ƙananan aji a hostel mu karanta musu wasiyya, wance ta bar wa wance bokitinta mai yoyo, wance ta bar kwanon da ta yi shekara shida tana cin gabza a ciki, ni kaina na bar wa wata 'yar JSS2 akwatin ƙarfena da kwaɗon da mukullinsa ya ɓata tun ina SS1. A yi kwaikwayon malamai, wata ta saka gilashi a kan hanci ta yi tafiyar matron, a yi dariya har a koma kuka. Yunifom ɗin ne dai wasu kan bari a yi musu rubutu da biro ranar da aka fito daga fefar NECO ta ƙarshe. Wannan na farar riga da abokai ke yi wa rubutu da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, da ake ce wa sayin awut a wajen 'yan jami'a muka fara ganinsa, a hankali ya gangaro sakandare, yanzu har ya fi ƙarfi a wajen yaran.

Kuma ba ko'ina ake yarda ba fa, kada wani ya karanta wannan ya je ya zuba kuɗi kafin ya tambaya. A 2025 an ji gwamnatocin Sakkwato da Yobe sun hana wannan bikin a makarantun sakandare saboda abubuwan da ake yi a ciki, kuma duk wanda ya taɓa haɗuwa da ayarin 'yan kyandi a titi, yara a zaune a kan tagar mota ana gudu ana ihu, ya san ba a banza aka hana ba. Makarantar su autan sai suka bi ta tsakiya, firinsifal ya ce ya yarda da farar riga amma a cikin harabar makaranta kawai, ba mota ba babur, ba a taɓa yunifom, ba watsa wa juna fulawa ko ruwan leda, ƙarfe biyu kowa ya kama hanyar gidansu. Malamin Islamiyyarsu kuma ya ƙara da nasa, ya ce kada a buga sunan Allah ko aya a jikin rigar da za a yi wa zane-zane a shiga banɗaki da ita daga baya a yar a kwandon wanki, wanda ni kam na ga maganarsa a kan hanya take. Daga nan ne aka yi kwana biyu ana cacar baki a guruf a kan me za a rubuta a gaba, daga ƙarshe aka tsaya a kan NA ƘARE da manyan baƙi, a ƙasa kuma a saka shekara shida ba wasa ba. Su abin da ya ba su dariya shi ne kalmar tana da fuska biyu, na ƙare makaranta, kuma na ƙare irin ta wanda ya san abin da ya rubuta a fefar lissafi. Ku riƙe wannan kalmar, za mu dawo kanta.

Bayan riga kuma kowa da sarautarsa, wannan shi ne ainihin abin dariyar kuma ba kai ke zaɓar wa kanka ba, aji ne ke naɗa ka ko kana so ko ba ka so. Akwai Sarkin Latti, yaron da aka ce tun JSS1 bai taɓa jin taken ƙasa daga farkonsa ba kuma mai gadi har ya daina rubuta sunansa. Akwai Sarkin Barci, akwai Ministan Aro wanda ya yi shekara shida bai sayi biro ba, akwai Gwamnan Bencin Baya, akwai Ma'ajin Awara, akwai Baƙon Aji wanda sai lokacin jarrabawa ake ganinsa har wani malami ya taɓa tambayarsa ko sabon zuwa ne. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Maƙiyin Jama'a, wai yaron da malami zai gama darasi ya tattara littattafansa har ya kai bakin ƙofa sai ya ɗaga hannu ya ce Malam ka manta ba ka karɓi aikin gida ba. Shi kuma autan namu tunda shi ke rubuta sunan masu surutu aka naɗa shi Ɗan Rahoto, ya yi fushi na yini ɗaya ya haƙura. Abu ɗaya na hana, akwai sunaye biyu da suka taɓa halitta, ɗaya a kan launin fata ɗaya a kan in'ina, na ce in dai da kuɗin da ke hannuna za a buga to ba za a buga waɗannan ba, aka yi ta ƙunƙuni aka canja.

To ranar Asabar muka je shagon ni da autan. Shago ne ɗan madaidaici, kwamfuta biyu, babbar firinta a lungu, injin matsi mai zafi guda ɗaya, sai yara uku masu aiki da mai shagon, mutum mai fara'a da saurin magana, tun daga ƙofa Hajiya sannu da zuwa, a ba Hajiya kujera, har da ruwan leda mai sanyi. Kuma a nan dole in yaba masa don bai yi mana irin ta wasu ba da za su ga mace da yaro su ce ai ba su san komai ba su ɗora musu mafi tsada. Ya ɗauko samfur kala-kala ya shimfiɗa a tebur ya yi mana bayani. Ya ce akwai bugun sikirin, wanda ake fitar da zanen a jikin wata raga mai firem sannan a riƙa shafa fenti ta cikinta riga bayan riga, shi ne mafi araha in abu iri ɗaya za a buga da yawa amma kowace kala sai an yi mata ragarta daban. Akwai DTF wanda ake bugawa a kan wata leda a barbaɗa mata garin gam a gasa sannan a manna a riga da injin zafi, shi kowane irin rubutu da kala yana ɗauka, don haka shi ya dace da sunaye tunda 46 ne kuma kowanne daban. Akwai filas, wata leda mai kala da inji ke yankawa a manna a riga, ya ce yana da kyau ranar farko amma in an sha wanki yana ɗagowa ta gefe. Sai wanda fentin ke shiga cikin zaren gaba ɗaya, shi kuma sai a rigar roba-roba yake kamawa, ya ce kada mu soma saboda rigar tana da zafi kuma maka tana bajewa a kanta, rubutu ya koma kamar an zubar da shayi. Shawararsa ita ce a sayi ta auduga, gaba a yi sikirin baƙi kala ɗaya, baya a yi DTF. Wallahi shawara ce mai kyau, da na tambaya a wani shagon daga baya kusan abin da aka faɗa min ke nan.

Kuɗi kuma ga yadda muka yi, riga 4,000 bugu gaba da baya 2,000, wato 6,000 sau 46 ya kama 276,000. Satifiket ɗin sarauta na kowane yaro a kwali mai sheƙi 500, ya zama 23,000. Firem guda 5 na malamai 4,000 kowanne, 20,000. Bana babba ta ɗaukar hoto 15,000. Jimla 334,000, saura 11,000 muka bar wa maka da kuɗin ɗan sahu. Na so in je Kantin Kwari in sayo rigunan da kaina in ga ko za a samu sauƙi, da na lissafa wahalar da kuɗin dako da kuma cewa in riga ta ƙone a injinsa ba zai biya ni ba tunda ba tasa ba ce sai na bar masa. Na tura masa 200,000 kafin alƙalami, ya rubuta min risit, ya ce Hajiya ranar Talata da la'asar ki aiko a ɗauka. Fefarsu ta ƙarshe ranar Alhamis ce, na ce to akwai sarari.

Ranar Lahadi da daddare yaron da ke kan kwamfuta ya turo min hoton bayan rigunan in duba. Ina buɗewa na ga abin mamaki, duk inda akwai harafi mai ƙugiya ya koma ɗan akwati, Baƙon Aji ya zama Ba sai murabba'i sai on Aji, Ɗan Rahoto ya zama akwati an Rahoto, Maƙiyin Jama'a ma haka. Na kira shi na ce Malam wannan fa, ya ce ai Anti salon rubutun ne ba shi da waɗannan haruffan, ko in mayar da su k da d kawai ai kowa zai gane. Na ce a'a, nemi wani salon mai su. Ya ɗan yi jim kamar na takura masa, bayan awa ɗaya ya turo gyararre, komai ya zauna daidai, na karanta sunaye 46 ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, na samu Ministan Aro ya zama Ministan Auro na sa aka gyara, na ji a raina ni ai na gama aikina. Abin da ban yi ba shi ne ban ce a turo min na gaba ba. A tunanina kalma biyu ce da ɗan layi a ƙasa, me zai lalace a ciki. Nan ne nawa laifin kuma na ɗauka.

Talata ta zo na kira, Hajiya wallahi tun jiya ba wuta kuma jannaretonmu ba ya ɗaukar injin zafin, gobe da safe in sha Allahu. Laraba da safe na kira, ledar bugun ce ta ƙare an tafi sayowa. Azahar ba a ɗaga ba. La'asar ba a ɗaga ba. Guruf kuwa ya kama da wuta, Anti ina riga, Anti ko an gudu da kuɗinmu ne, wani har ya turo min sitikar mutum yana gudu da jaka. Ana idar da magariba na ja autan muka hau ɗan sahu muka tafi, muna shiga na gane ainihin abin da ya faru don ga shi nan a zube, jakunkunan rabon wani biki ne sun kai ɗari biyu da hoton amarya da ango, aikin da ya shigo bayan namu amma da alama ya fi namu maiƙo aka ture mu gefe. Wannan shi ya fi ɓata min rai fiye da komai, da ya ce min Hajiya aiki ya yi min yawa ki ƙara min kwana ɗaya da na san yadda zan yi da yaran, amma a yi ta ɗora wa NEPA laifi alhali ina tsaye fanka tana juyawa a kaina. Muka zauna a benci muna kallo ana manna sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowace riga a shimfiɗa ta a danna inji a jira 'yan daƙiƙu a ɗaga a ɓare ledar, ɗakin ya yi zafi kamar gidan burodi, sai wajen tara da kwata aka gama.

Ana ninkewa ana zubawa a buhu sai autan ya ɗaga tasa ya juya gaba don ya ɗauki hoto ya tura guruf. Na ga ya yi shiru. Ya ce Yaya karanta min wannan. Na karanta. NA KARE. Baƙi ƙirin, manya-manya, tsaf-tsaf ba ko ɗigon fenti a gefe, riga 46 duk na kare ne. Ashe salon rubutun gaban daban ne, wani mai kauri da yaran suka zaɓa, shi ma ba shi da Ƙ, yaron kwamfutar kuma tunda ba a tsare shi a kan wannan ba sai ya danna K abinsa aka fitar da raga aka shafe duka tun ranar Litinin, kuma a cikin mutum huɗu da ke shagon, dukkansu Hausawa, babu wanda ya tsaya ya karanta abin da ya wuce ta hannunsa sau 46. Na san da yawanmu a waya ba ma saka ƙugiya kuma ana ganewa, amma rubutun waya daban, abin da yaro zai saka a ƙirji ya tsaya gaban malamin Hausa da 'yan SS2 masu neman abin tsokana daban.

Mai shagon da farko ya so ya kare kansa, ai Hajiya haka kowa ke rubutawa, na ce to Malam kai za ka saka. Ya yi dariya ya sosa ƙeya ya ce gaskiya ne an yi kuskure. Ya kawo shawarar a buga 'yar ƙugiyar kaɗai a leda a bi kowace riga a manna a saman harafin, amma ya ce sai an kai sha biyun dare kuma ba lallai ta zauna daidai ba, ni kuma ba zan kai wannan lokacin a waje ba. Sai autan ya ce ai dama maka za a yi amfani da ita gobe, ya karɓi baƙa a wajen yaron shagon ya ja ɗan lanƙwasa a saman K ɗin, muka ja baya muka duba, wallahi in ba ka matso ba ba za ka gane ba tunda fentin ma baƙi ne. Cikon kuɗinsa 134,000 ne, na ce ba zan biya duka ba, muka ɗan ja, ya rage 14,000 na tura masa 120,000, kuma ban ga ya ɓata rai ba, har bakin titi ya rako mu ya tsayar mana da ɗan sahu ya ɗora buhun da kansa.

Da safe aka raba riguna kafin a shiga fefa, kuma abin da ban zata ba shi ne kusan rabin ajin suka ce su ba za a gyara musu ba, a bar musu haka ya fi daɗi. Aka samu ɓangare biyu, masu ƙugiya da marasa ƙugiya, 'yan SS2 suna bin marasa ƙugiyar suna musu haushi su kuma suna ramawa, Sarkin Barci aka ce har da rarrafe. Malamin Hausarsu da ya fito ya gani sai ya riƙe baki ya ce shekara shida yana koya musu bambancin ƙare da kare ashe sai ranar ƙarshe darasin zai shiga, ya karɓi maka ya bi layi yana saka wa waɗanda ya kama ƙugiya da hannunsa yana ba su maki a kafaɗa, wani biyu bisa goma wani sifiri. Ni an bar 'yan uwa sun shiga daga sha biyu, na tsaya a gindin bishiyar darbejiya ina kallo. Aka kira sarautu ɗaya bayan ɗaya ana miƙa satifiket, da aka zo kan Sarkin Latti aka yi ta kira ba ya nan, ashe shiri ne, sai da aka wuce mutum uku ya shigo a guje da takalmi a hannu, mai gadi da kansa ya miƙa masa tasa. Ministan Aro aka ce ya saka hannu a kan ya karɓa, ya juya ya ce wa firinsifal Malam ara min biro. Suka yi kwaikwayon malamai su ma, suka karanta wasiyya suka bar wa 'yan SS2 kujerar nan mai ƙafa uku da fankar da ba ta taɓa juyawa ba da bashin mai awara naira 2,300. Ashe dai wasiyyar ba ta mutu ba, na ji wani iri a raina na tuna akwatina.

In koma kan kayan, satifiket ɗin sun yi kyau ƙwarai, kwalin mai kauri ne, kalar ta fita, kuma a nan ƙugiyoyin duk sun zauna. Firem ɗin malamai ba laifi sai dai ɗaya gilashinsa ya zo da tsaga a kusurwa, ban lura ba sai a makaranta. Banar ce ban ji daɗinta ba, hoton ajin da aka saka an turo shi ta WhatsApp ne ya matse, da aka buɗa shi ya kai faɗin bango sai fuskokin suka dushe kowa ya koma kamar ɗan uwan kowa, kuma aikin mai shago ne ya ce wannan hoton ba zai yi ba a kawo na asali, bai faɗa ba ya buga abinsa. Sayis kuma an samu matsala a riga uku, an rubuta XL aka kawo L, biyu suka lallaɓa, na ukun shi ne mafi jiki a ajin, rigar ta kama shi kamar an cusa filo a safa, haka ya yini bai iya ɗaga hannu sosai ba kuma tunda an riga an buga sunansa ba halin canji. Ita rigar kanta auduga ce ta gaske, ba shara-shara ba, ta sha rubutu ba ta baje ba.

Maganar maka, ku sayi wadda ba ta gogewa, ba ta farin allo ba, ta allon tana dushewa tun kafin a je gida. Mu a Sabon Gari muka sayo kwali biyu, baƙa da shuɗiya sun fi zama, ja kuwa da gumi ya taɓa ta sai ta fara zuba, ga shi damina ce ana gab da tashi aka ɗan yi yayyafi, masu jan rubutu suka koma kamar an yi musu wanka da zoɓo. Kuma a saka singileti a ciki don tana ratsawa, autan namu kwana uku yana yawo da lambar wayar wani a gadon bayansa. Wanki kuma na gwada da wata da ta yi saura ta yaron da bai samu zuwa ba, na juya cikinta waje na wanke da ruwan sanyi sau huɗu, sunan baya bai ɗago ba bai tsage ba, na gaban ma yana nan daram, sai dai kada a ɗora dutsen guga kai tsaye a kan na bayan, mai shagon ma ya gargaɗe ni.

In an ce in ba su maki zan ba su uku cikin biyar. Bugu mai kyau, farashi daidai, mutumin yana da mutunci kuma ya san aikinsa, amma alƙawarinsa ba abin riƙewa ba ne kuma ba sa duba rubutu ko kaɗan. Zan iya komawa, amma sai na ce masa bikin saura kwana biyar alhali saura goma, sai an buga riga ɗaya na riƙe ta a hannuna na karanta gaba da baya kafin a taɓa sauran, sai na auna sayis ɗin da idona, kuma rabin kuɗi kawai zan bayar ba fiye ba. Masu tambaya ko suna yin na mata, eh suna yi, na ga samfurin dogon hijabi da aka buga wa wata makaranta suna a baya, amma ban gwada ba don haka ba zan ce komai a kansa ba.

Dubu goma sha huɗun da aka rage na mayar guruf na ce a faɗi yadda za a yi da su, aka yi kwana biyu ana rigima, daga ƙarshe aka biya mai awara bashinta aka sayi lemo da sauran. Rigar autan kuma tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa ya hana kowa taɓawa, Umma ta yi yunƙurin jiƙa ta sau biyu yana ƙwacewa, jiya na ji tana ce masa in dai ba za a wanke ba to ya fitar mata da rigar karen nan daga gida.